Dala 3.69 ta tona min asiri a Houston

Jama'a barkanmu da war haka. Wani abin kunya ne ya same ni satin da ya wuce, na ce bari in ba ku labari ko masu shirin zuwa Amurka sa kiyaye. Dala 50 ce cif a aljihuna, na shiga kanti na ɗebi sabulun wanka da omo da man shafawa, ina tarawa da ka yadda muka saba, ya kama 49.60 har ina yabon kaina. Ina zuwa wurin biya yarinyar da ke karɓar kuɗi ta buga sai ga 53.69. Na ce baiwar Allah sake dubawa dai, ta juyo min da fuskar na'urar, wai haraji ne. Ashe kuɗin da suke liƙawa jikin kaya babu haraji a ciki, sai wurin biya ake ɗora kashi 8.25 cikin ɗari, 6.25 na jihar Texas sauran biyun na birnin da hukumar sufurinsa. Ga layi a bayana kowa ya zuba min ido, haka na tsaya ina zaɓen abin da zan mayar kamar yaron da aka aika ya ɓatar da kuɗin aike.

Wallahi a lokacin mai shagon layinmu na Fagge ya faɗo min a rai, da shi ne cewa zai yi tafi abinka Alhaji ka kawo cikon gobe. Nan ba tayi, ba albarka, ba sallamawa, gyara kuwa ko a mafarki.

Da na dawo gida ina ta mita, 'yata da ke aji bakwai ta ce Abba ai lissafi ne mai sauƙi. Ta jawo takarda ta rubuta 1.0825 sau x daidai da 50, ta raba, x ya fito 46.18, wato kar kayan su wuce haka. Ta ƙara da cewa in omo dala 12 ne sabulu kuma dala 4, to 12 + 4x = 46, x takwas da rabi, ka ɗauki takwas kenan tunda ba a sayar da rabin sabulu. Ni da na sha bulala a sakandare kan neman x ɗin nan, ba malamin da ya taɓa ce mana cefane ake yi da shi, hadda kawai a ci jarabawa a watsar. Shi ya sa albashi ke ƙarewa ran goma ga wata muna cewa Allah zai rufa asiri.

Gaskiya dai risit ɗinsu ba ha'inci, komai a rubuce, ba irin mudun nan da aka dake wa gindi ba. Ɗanyen nama da shinkafa ma ba haraji, amma kazar da aka gasa a kantin akwai, wannan har yau ya ɗaure min kai. Jiya na koma da takardar a aljihu, maman yara ta ce sabulu tara, na ce takwas.