Maruru a jikin kyanwa: gashi a gida ko aikin likita?

'Yar'uwa, kin ce muzurunki ya yi faɗa kwana huɗu da suka wuce, yanzu wani kumburi mai zafi ya fito masa a kunci, ya rage cin abinci, kina tambaya ko ki ci gaba da gasa masa a gida ko ki kai shi wurin likitan dabbobi. Abu biyu ne ke raba gardamar: kumburin ya fashe ko bai fashe ba, sannan yana ci yana sha ko ya daina. A yadda kika kwatanta naki, likita ya kamata ya gan shi yau ko gobe. Ga abin da kowace hanya take iya yi, da inda take gazawa.

Fiƙar kyanwa siririya ce, tana shiga jiki kamar allura, ta zuba ƙwayoyin cutar baki a ƙarƙashin fata, musamman wadda ake kira Pasteurella da wasu da ke yaɗuwa inda babu iska. Bakin ramin yakan rufe da wuri, gashi ya lulluɓe shi, mai kyanwa ba ta ga komai ba. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai mugunya ta taru. Wanda ya tsaya ya yi faɗa yakan samu nasa a fuska, wuya ko ƙafar gaba, wanda ya gudu kuwa a gindin wutsiya. Warakar maruru ita ce mugunya ta fita duka, ramin ya zauna a buɗe har nama ya ciko daga ciki. Da wannan za ki auna hanyoyin biyu.

Jinyar gida tana da amfani idan marurun ya riga ya fashe, ƙarami ne, kuma kyanwar tana ci tana yawo. Ki sa safar hannu, ki naɗe ta da tawul ki bar wurin ciwon a waje, wani ya riƙe miki. Ki rage gashin gefen ciwon da almakashi mai dakusasshen baki. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ki bari ya huce. Ki tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ki gwada zafinsa a bayan hannunki, ki ɗora a wurin minti 5 zuwa 10, sau 3 a rana. Bayan kin gasa wurin sai ki zuƙi ruwan gishirin da sirinji marar allura ki wanke cikin ramin a hankali har ruwan ya fito garau. Idan ɓawo ya yi, ki jiƙa shi ki ɗauke. Nan ne mutane da yawa suke kuskure: suna ganin ɓawo sai su ce an warke, alhali fata ce ta rufe a kan sauran mugunya, bayan 'yan kwanaki kumburin ya dawo.

Abin da gida ba ya iyawa shi ne buɗe marurun da bai fashe ba. Matsa shi da yatsa yana tura mugunya cikin naman da ke gefe, huda shi da allura kuma ƙaramin rami yake yi wanda zai toshe kafin gari ya waye. Ga zafi, ga haɗarin cizo. Idan ta cije ki, ki wanke da sabulu da ruwa mai yawa ki ga likita a ranar, domin ƙwayar cutar da ta yi mata maruru tana kumbura hannun mutum cikin awoyi.

Likita kuwa yakan fara da auna zafin jiki. Na kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2, abin da ya haura haka zazzaɓi ne. Sai ya yi mata allurar barci, ya aske wurin sosai, ya tsaga marurun ta ƙasa domin mugunya ta riƙa gangarowa da kanta, ya wanke aljihun, ya yanke mataccen nama. Idan aljihun babba ne yakan sa wata 'yar roba mai laushi da za ta hana ramin rufewa, a cire ta bayan kwana 3 zuwa 5. Yana kuma duba abin da ido ba ya gani daga waje. Tunda naki a kunci yake, wannan ya shafe ki: kumburin da ke ƙarƙashin ido wani lokaci daga ruɓaɓɓen haƙori yake, ba daga cizo ba, kuma irin wannan ko an wanke shi sau goma zai dawo sai an cire haƙorin.

Batun magani ma akwai zaɓi biyu a hannunsa. Akwai na sha, irin Synulox ko Clavamox, safe da yamma na kimanin mako guda, akwai kuma allurar Convenia da ake yi sau ɗaya ta yi aiki har kwana 14. Na shan yana kama ƙwayoyin cutar cizo sosai, amma sai an iya ɗura shi kullum ba fashi, kuma a ƙarasa shi ko da ciwon ya bushe. Kyanwar da ke tofar da ƙwaya ko ta ɓuya idan ta ga an nufo ta, allurar ta fi mata. Sai dai ko wanne aka ba ta, magani ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata, shi ya sa tsagawar ta fi shi muhimmanci. Inda magani kaɗai yake isa shi ne idan an kai ta cikin awa 24 da cizon, kafin marurun ya haɗu.

Kada ki ba ta farasitamol ko kaɗan. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi, ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ibuprofen yana lalata mata ƙoda da ciki. Dettol ma guba ne gare ta, tunda duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Idan kina son abin da ya fi ruwan gishiri, Betadine ne, a tsinka shi da ruwa har ya yi fayau.

Ko da likita ya yi aikinsa, jinyar ta dawo hannunki. Ki tsare muzurun a ɗaki inda ƙuda ba zai sauka a ciwon ya yi tsutsa ba, ki sa masa abin wuyan nan mai kama da mazurari don kada ya sosa ko ya tsinke robar, ki ci gaba da gashi da wanki. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu ramin ya cike.

Ki koma da shi nan take idan ya yini ya kwana bai ci komai ba, domin kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba hantarta na iya taɓuwa. Haka idan kumburin yana faɗaɗa, ko fatar wurin ta yi baƙi, ko yana numfashi da ƙyar, ko ciwon yana kusa da gaɓa yana ɗingishi. Ki tambayi likitan batun rigakafin ciwon haukan kare idan ba ki san abin da ya cije shi ba, da gwajin FIV, cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwa kuma ta cizo take yaɗuwa. Ana yin gwajin ne bayan kimanin kwana 60 da faɗan. Idan ya warke, ki sa a yi masa fiɗiya, domin muzurun da ba a fiɗiye ba shi ya fi yawon dare da faɗa, kuma shi aka fi kawowa da maruru.