Furotagoras da Tirasimakus: wa ke yanke abin da ake kira adalci?

A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, birnin Atens na ƙasar Girka ya cika da Sofistawa, malaman da ke koyar da fasahar magana a kan kuɗi. Biyu daga cikinsu sun yarda cewa adalci ba daga sama ya faɗo ba, amma sun sha bamban kan wanda ke tsara shi.

Furotagoras, mutumin garin Abdera, ya ce ɗan Adam ne ma'aunin komai: iska ɗaya na iya kaɗawa, wani ya ji sanyi, wani kuma bai ji ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Haka doka take a wurinsa, domin abin da jama'ar gari suka ɗauka daidai ne, daidai ne a gare su muddin suna riƙe da shi. Wannan ra'ayi ya dace da dimokuraɗiyya, ko da yake yana da wuyar hukunta garin da ya haɗu a kan zalunci.

Tirasimakus kuwa, kamar yadda masanin falsafa Aflatun ya kawo shi a rubutunsa, ya fi tsauri. Adalci a ganinsa maslahar mai ƙarfi ce, kuma mai mulki kamar makiyayi yake, wanda ke kiwon tumaki don amfanin kansa da na maigidansa.