Fijo, Bitil ko Marsandi: wace tsohuwar mota iyali za su saya su tayar?

Tayar da tsohuwar mota aikin shekara ɗaya zuwa biyu ne idan ranakun hutu kawai ake taɓa ta. Saboda haka kafin a biya kuɗi a duba abu biyu: wa ya san motar a cikin iyalin, kuma kayan gyaranta suna kusa? Idan Kaka ya san ciwonta, uba na iya sayen kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, jika kuma na iya riƙe sifana a kanta, wannan motar ce za ta kai ga hawa titi.

Peugeot 504, wato Fijo, ita ce ta fi cika wannan sharaɗi. Ta fito a Faransa a 1968, kuma tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna, don haka da wuya a rasa dattijon da ya san ta ciki da bai, daga Zariya har Maraɗi. Injinta na fetur mai lita 2 da kafireta ba shi da kwamfuta ko ɗaya. Amma yana da tarko guda da ya kamata kowa a gidan ya sani. Silindojinsa silif ne da ake zarewa, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye. In an cire kan inji aka juya kiranshaf ba a danne silif ɗin ba, sai su ɗaga, abin da ke toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Wajen saye a zaro ma'aunin mai, in an ga ya yi fari kamar shayi da madara, to ko gasket ya ƙone ko gindin silif na yoyo, a rage kuɗi sosai. Kan injin kuma na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Matsalar Fijo ta gaske dai ita ce yawancinsu sun sha haya, sun ɗauki lodin da ya fi ƙarfinsu. Wadda ta yi zaman gida a hannun mutum ɗaya ta cancanci ninkin kuɗin wadda ta fito daga tasha.

Volkswagen Beetle, Bitil ɗin da aka harhaɗa a Legas, ita ce makaranta idan akwai yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar. Injin yana baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle yoyon ruwa, kuma ƙusoshi huɗu ne ke riƙe shi da giyabos. Mutum biyu da jak za su sauke shi da hantsi ɗaya. Yana ɗaukar baƙin mai lita 2.5, ba shi da filta sai 'yar rariya da ake wankewa, shi ya sa ake juye mai duk kilomita 5,000. Saitin tafet, wato tazarar da ake bar wa bawul, milimita 0.15 ne, inji na sanyi, aikin da yaro zai ƙware a kai cikin wata guda. Abin tsoro shi ne zafin bazara. Bel ɗaya ne ke juya fanka da janareta, in ya tsinke aka ci gaba da tafiya, mintuna kaɗan inji ya ƙone. Haka ma in an zubar da faranten ƙarfen da ke kewaye da injin, kamar yadda wasu kanikawa ke yi don sauƙin aiki, iska mai zafi za ta riƙa komawa ciki. A ɗaga kujerar baya a duba ƙarƙashin batir, nan ruwan batir ke fara cinye daɓen motar. Kayanta kuwa sun yi ƙaranci a kasuwanninmu, ko da yake a waje suna nan birjik, tunda sai 2003 aka daina ƙera ta a Meziko. Sai dai odarsu da dala ake yi.

Marsandi W123, ta 1976 zuwa 1986, ta fi su kyau da daɗin zama, ta kuma fi su cin aljihu. Mai dizal, 240D ko 300D, injinta na da jimiri ƙwarai. Mai fetur 230E tana da tsarin feshin mai na Bosch wanda tsohon fetur ke toshewa, kuma ba kowane bakanike ke iya saita shi ba. Ga siraran bututun iska da ke kulle ƙofofi, a mai dizal ma su ke kashe inji: ɗaya ya tsage sai ka zare makulli mota ta ƙi mutuwa. Ba mu ba da shawarar a fara da ita.

Kowace aka zaɓa, bodi ake saye, inji yana gyaruwa da kuɗin da za a iya lissafawa tun farko, tsatsa kuwa sai an buɗe ake sanin iyakarta. A tafi da ɗan maganaɗisu a bi gindin ƙofofi da bakin tayoyi, inda ya ƙi kamawa foti aka cika aka shafe da fenti. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but a duba tsatsa. Motar da ta zauna a busasshen wuri kamar Agadas ko Katsina ta fi wadda ta sha iskar teku lafiyar ƙarfe, amma rana ta gama da robobinta da dashbod. A gwada lambar shasi da ta takarda tun kafin ciniki.

In ta iso gida kada a yi gaggawar tayar da ita. A cire falogi, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai a kowace silinda, a bar ta kwana biyu, sannan a juya inji da hannu. A sauke tanki a wanke, a sauya duk tiyon fetur da na burki, a juye man burki gaba ɗaya. Burki kafin fenti, kullum. Walda da fenti a kai wa masu sana'ar. Saitin kafireta na Kaka ne, shi kunnensa ya san ƙarar daidai. Yara kuma a ba su waya su ɗauki hoton kowane abu kafin a kwance, su zuba ƙusoshi a leda su rubuta inda aka ciro su. Kuma ko babba kada ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe an sa dutse a bayan taya.