Murjanin ƙwaƙwalwa da na yi oda ta intanet, sati shida bayan ya iso

Yau sati shida kenan da karɓar murjanin nan, tun ranar da na ɗora hotonsa a status mutane ke ta tambayata wai a ina na saya, nawa, ya ake kula da shi, har wani abokina nan Birmingham ya zo gida takanas don ya gani da idonsa. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Da farko dai ba murjanin wuya bane. Hajiyarmu da na gaya mata a waya na sayi murjani sai ta hau sa min albarka wai na kyauta wa matata, da na juya mata kyamara ta ga wani abu kamar tsokar nama a ƙasan tankin kifi tayi shiru, can tace "Allah ya shirye ka". Jan murjanin da ake tsakiya da shi daga Bahar Rum ake ciro shi, wani iri ne daban. Wannan sunansa Trachyphyllia, dabba ce mai rai, tana da baki tana cin abinci, lanƙwashe-lanƙwashen jikinta ne yasa ake kiranta da sunan ƙwaƙwalwa. Nawa ja ne da ratsin kore, faɗinsa bai wuce tafin hannun yaro ba in ya tsuke, in ya kumbura da rana kuwa ya kusa ninka haka.

Shagon a arewacin Ingila yake, ban taɓa zuwa ba, komai ta intanet muka yi. Fam 70 kuɗinsa, fam 15 na kawowa. Kafin in biya na tambaye su daga ina ya fito, don duk murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ake karewa, sai da takarda ake ƙetara iyaka da shi, Indunusiya ma sai da ta dakatar da fitar da shi tun 2018 har farkon 2020. Basu yi min kwana-kwana ba, suka ce daga Ostireliya ya zo kuma ya yi wata biyu a tankinsu. Wannan ya kwantar min da hankali sosai.

Ɗauri kam sai dai a yaba musu. A Fabrairu ne, sanyi kamar me, amma ya zo cikin kwalin soso mai kauri, leda biyu, da ɗan ƙunshin ɗumi a manne da murfin, sun rataye shi a jikin soso yana kallon ƙasa yadda naman ba zai gogi leda ba. Na auna zafin ruwan ledar na samu digiri 22, ba laifi. Kuma basa aikowa ranar Juma'a don kada ya kwana biyu a hanya.

Inda nake da ƙorafi biyu ne. Hoton da ke shafinsu a ƙarƙashin shuɗiyar fitila aka ɗauka, jan nan kamar garwashi, koren kamar an kunna masa wuta, amma a farin haske abin ya fi kama da jan bulo. Ba ƙarya suka yi ba, shi ɗin ne dai, amma duk mai saye ya nemi hoto a farin haske kafin ya tura kuɗi. Na biyun shi ya fi ban haushi, wlh ko ɗan guntun takarda basu saka a kwalin ba da zai ce ga inda zaka ajiye shi, ga hasken da yake so, sai dai takardar cewa in ya iso a mace ka ɗauki hoto cikin awa biyu kafin ka buɗe leda. Mutum ya biya fam 85 ai ya ci a rubuta masa layi uku.

Ni kuma na tafka nawa. Na dai yi abin da ya dace da farko, na bar ledar tana yawo a saman tanki kamar minti 20 don zafin ruwa ya daidaita, na tsoma shi a Coral Rx, maganin da ke kakkaɓe ƙwarin jikin murjani, na 'yan mintuna, wata 'yar tsutsa da ƙananan dodon koɗi biyu suka faɗo, na ɗauraye shi da ruwan tanki a wani kwano daban na zubar da ruwan ledar. Sai son a gani ya ɗebe ni na ɗora shi can saman dutse dab da fitila kusa da famfon da ke kaɗa ruwan tanki. Kwana uku ya ƙi kumbura, naman ya lafe a jikin ƙashi har kana ganin tsinin haƙoran ƙashin ta ciki, launin ya fara kwaɗewa, gefe ɗaya kuma ya ɗan yage inda yake gogar dutse. Raina ya ɓaci, har na fara rubuta musu saƙon faɗa.

A nan ne shagon ya fanshi kansa. Na tura hoto, ba a yi awa ɗaya ba wani mutum ya kira ni, da ganin hoton yace sauke shi kan yashi, rage haske, kau da famfo, sannan ka cire hannunka daga kansa na sati biyu. Shi wannan irin a teku ba a manne yake da dutse ba, zaune yake a kan yashi ko laka inda haske bai da ƙarfi kuma ruwa baya dukansa, in ya kumbura a kan dutse sai kaifin dutsen da na ƙashinsa su haɗu su yanka naman. Ya kuma ce ta ƙasa ake ɗaukarsa, kuma kada in fito da shi daga ruwa yana kumbure, in ɗan kaɗa masa ruwa ya tsuke tukuna, in ba haka ba nauyin ruwan cikinsa ya yaga shi. Minti biyar yayi min bayanin nan, abin da da sun buga a takarda da ban sha wahalar ba.

Na bi maganarsa. A rana ta biyar ya fara kumbura, sati biyu ya dawo daidai. Tankina lita 180 ne, shekararsa ɗaya da rabi, awon gishiri 1.025, zafi digiri 25, alkaliniti 8 da kalsiyam wajen 430 (sinadaran ruwa ne da murjani ke gina ƙashinsa da su), kuma abin da na lura ba lambar ce ta dame shi ba kamar yadda take hawa da sauka, ranar da na zuba maganin alkaliniti da yawa lokaci ɗaya sai da ya yini a tsuke yana fushi da ni.

Ciyarwa ita ce daɗin abin. Yawancin abincinsa daga haske yake samu ta wasu ƙananan gansakuka da ke zaune cikin namansa, amma da dare in fitila ta mutu sai ya fito da 'yan yatsu zagaye da bakinsa, in kashe famfo in ɗiga masa Mysis, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande, da sirinji, ka ga naman yana naɗewa a hankali har ya haɗiye. Sau biyu a sati ya isa. Matsalar ɗaya jatan landen da ke tankin, ɓarawo ne na ƙarshe, har cikin baki yake zura hannu ya zaro abincin, sai da na yanke gindin gorar ruwa nake kifa wa murjanin a kai na rabin awa. Akwai kuma wani ɗan kifi mai tonon yashi da kullum sai ya watsa masa ƙasa, da safe in hure da sirinji.

Ƙanina a Kano yace in sayo masa ɗaya, nace ya fara sa sola da na'urar sanyaya ruwa tukuna, don zafin Afrilu in ruwa ya haura digiri 30 ga NEPA ta ɗauke wuta famfo ya tsaya, ba ya kai kwana biyu.

Shagon na basu huɗu cikin biyar, ɗayan na cire saboda hoto da rashin takarda. Zan sake saye a wurinsu, har na hango wani kore mai bakin lemo, amma uwargida tace sai ta ga takardar kuɗin wutan wannan watan. Inda ya yage ɗin nan har yanzu da sauran ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero, kullum da safe shi nake fara leƙawa.