Balad ɗin da na ɗauka na sani: yinin da muka biya aka zagaya da mu tsohuwar Jidda

Shekarata goma sha ɗaya ina zuwa Jidda saro kaya. Abaya, turare, dardumar salla, wani lokacin har agogo idan an ba ni sautu. Ko cikin dare aka tashe ni aka ce in kai mutum Bab Sharif zan kai shi, in kuma nuna masa shagon da ba a cuta. Shi ya sa da 'yata ta ce ta biya mana kuɗin mai zagayawa da baƙi a cikin Balad bayan mun gama Umra, sai na yi dariya. Na ce unguwar da nake takawa har ƙafata ta kumbura ita ce zan ba wani riyal ɗari da hamsin ya nuna mini? Ta ce, "Umma, shagunan kika sani. Kin taɓa ɗaga kai kin kalli abin da ke samansu?" Maganar ta sosa mini rai, amma ban sami amsa ba.

Daga Makka muka shiga jirgin ƙasan Haramain, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Bayan la'asar muka haɗu da jagoran a Bab Jadid, mu tara ne, har da wasu ma'aurata 'yan Malesiya. Saurayi ne ɗan garin, da farar jallabiya da ɗan rawaninsa irin na mutanen Hijaz. Larabci da Turanci yake yi. Nawa Larabcin na ciniki ne, daga "nawa" sai "rage mini", don haka 'yata ce tafinta.

A bakin ƙofar ya fara da abin da ban taɓa ji ba duk zuwan da nake yi: Sayyidina Usman ɗan Affan ne ya mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, kafin nan a Shu'aiba ake sauka. Garin yana da ganuwa, an gina ta a farkon ƙarni na 16 don tsoron jiragen yaƙin Turawan Fotugal, aka rushe ta a 1947 da gari ya cika ya batse. Bab Makka da muke wucewa kullum da ƙullin kaya a ka, ashe sake gina ta aka yi don tunawa. Ina jin haka sai badalar Kano ta faɗo mini a rai, yadda ake ta gutsurar ta ana dasa shaguna. Na yi shiru.

Inda kuɗina ya fara halatta shi ne da ya tsayar da mu jikin wani bango da yaɓensa ya zube, ya ce kowa ya sa hannu. Na shafa. Dutse ne mai kaushi, duk 'yan ramuka kamar soso, kuma da na matsa da tabarau sai ga ɓawon ƙananan halittun ruwa a manne a ciki. Daga bakin Bahar Maliya ake sassaƙo shi, suna ce masa mangabi. Ba shi da nauyi, amma yana da saurin marmashewa, shi ya sa magina suke jera katako a kwance bayan kowane 'yan layuka, ya raba nauyin ginin, kuma idan wani dutse ya lalace a iya zare shi a sa sabo ba tare da gida ya zube ba. Na ce wa 'yata ai wannan ita ce hikimar azara a ginin tubali, sai dai su nasu ya hau hawa huɗu, biyar. Ta fassara masa, ya yi ta tambayar yadda azara take.

Daga nan na ɗaga kai. Tagogin katakon nan da suka turo waje daga jikin benaye, wasu kore, wasu shuɗi, wasu an bar su da launin itacen, su ake kira rawashin. An sassaƙa su raga-raga. Matar gida tana zaune a ciki tana kallon duk wanda ya gifta a lungu, shi kuwa ba ya ganinta, iskar teku tana shigowa, tulun ruwa yana gefe yana yin sanyi. Katakon kansa ba na ƙasar ba ne, a jirgin ruwa ake kawo shi daga wajen Indiya da tsibiran gabas. Yawancin manyan gidajen na attajiran ƙarni na 19 ne, waɗanda kasuwa ta buɗe musu bayan an haƙa mashigin Suwez a 1869. Wallahi na sha tsayawa a ƙarƙashin irin waɗannan tagogi ina ƙirga canji.

Gidan Nasif shi ne babban abin kallo. An gina shi tsakanin 1872 da 1881, kuma a nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce, ba ta da tsini, jagoran ya ce an yi ta haka ne don raƙumi ya iya hawa da kaya zuwa sama. Ni dai gwiwata ta gode. Amma abin da ya fi ba ni dariya yana waje. Ya tara mu a ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya a ƙofar gidan, ya sassauta murya, ya ce a da ita kaɗai ce bishiya a garin, har ana kwatance da "gidan da ke da bishiya". Na tsinki ganye ɗaya na murza na shinshina. Darbejiya ce! Wadda muke sharar ganyenta safe da yamma muna mita. Na ce masa, "Ɗana, a ƙofar gidana akwai uku." Ya ce, "To, Hajiya, da a nan kike a wancan zamanin, kin fi Nasif arziki."

Magariba ta same mu a Masallacin Shafi'i da ke unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin mafi tsufa a garin. Ya ba mu lokaci muka yi salla a natse, bai tsaya yana duba agogo ba. Wannan na yaba masa.

Yanzu ga inda ya ɓata rawarsa da tsalle. A takardar da aka turo wa 'yata an rubuta gidaje huɗu da za a shiga. Biyu muka shiga. Sauran biyun a kulle suke, an kewaye su da ƙarafan gyara. Ban ga laifin gyara ba, tun da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 ake ta aikin ceto gidajen, kuma wasu sun karkata har an tokare su. Amma shi ya san a rufe suke, me ya hana a faɗa mana kafin a karɓi kuɗi? Lokacin da ya rage kuma sai ya kwashe mu zuwa wani shagon turare a kasuwar Alawi, wai mu sha gahawa. Minti arba'in muna zaune ana shafa mana turare a bayan hannu. Kwalbar da nake sarowa, na ji an faɗa wa 'yan Malesiya kuɗin da ya ninka uku. Na buɗe baki, 'yata ta taka mini ƙafa. Har yanzu abin yana ci mini rai, domin matar ta saya.

Na kuma roƙe shi ya biya da mu maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u, wadda wasu ke cewa daga ita garin ya sami suna, tunda jadda kaka ce da Larabci. Ba ta da nisa. Ya ce katanga kawai zan gani, kuma ba ta cikin tsari. Na shagon turaren ma ai ba ya ciki.

Duk da haka, wanda zai je karon farko ina ba shi shawara ya ɗauki jagora, don da idona kaɗai ban ga komai ba shekara da shekaru. Sai dai ya tambaya tun a waya gidaje nawa ne a buɗe ranar, ya kuma ce ba ya son a kai shi shago. Kada a je da rana tsaka, zafin Jidda mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa. A sa takalmi mara tsini, a riƙe ruwa.

Da muka rabu da su na ja 'yata muka sayi balila, dafaffen wake ne irin nasu mai ɗan tsami, muka zauna a dakalin wani gida muna ci. Fitilu sun kunnu a jikin rawashin. Washegari na koma Bab Sharif na saro kayana, har mai shagon da na saba da shi yana tambayata lafiya nake ta kallon sama.