Gyaran aksil ɗin baya na Fijo 504: hannun wani dattijo a Kakuri

Masu tsofaffin motoci a Kaduna, ga abin da na gani. Motata Peugeot 504 ce mai dogon baya, haɗin nan Kakuri, inda kamfanin PAN, wato Peugeot na Najeriya, ya fara haɗa motoci a 1975. Ta daɗe tana gurnani daga baya, da an ƙara wuta ƙarar ta ƙaru, ga man giya yana tsattsafowa ta cikin tayar dama har birki ya fara santsi. Samarin bakanikai duk maganarsu ɗaya: a sauke aksil ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, gaba ɗaya a ɗora na Beljiyam.

Wani dattijon bakanike a Kakuri bai ce haka ba. Ya ɗaga motar a jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sannan ya juya ta a hankali, kunnensa na kusa da hob, wato inda ake ɗaura tayar. Ya ce, "Ɗana, boris ne ya mutu, shi ya cinye oyil sil. Aksil ɗinka garau yake." Oyil sil shi ne robar da ke hana mai zuba. Da ya zare shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar, ya nuna min: ƙwallayen boris duk sun yi ƙuraje, lainin birki kuwa ya sha mai ya yi baƙi ƙirin. Bai yarda a wanke lainin da fetur a mayar ba, sabo aka sa.

Abin da ya fi burge ni, bai fitar da tsohon boris da guduma ba. Ya aika shaf ɗin kasuwar Panteka aka matse da inji, domin duka yana ɓata mazaunin boris. Ya buɗe ɗaya ɓangaren ma ya duba, ya tsiyaye tsohon mai ya zuba sabo mai lamba 90.

Aibinsa dai jinkiri. "Gobe in sha Allahu" ɗinsa ba ta da ranar cika, kuma ba ya ɗaukar waya in yana ƙarƙashin mota. Yaransa sun bar min giris a kujera. Kuɗin aikin ma da ɗan tsada, amma bai kai rabin na aksil ɗin Beljiyam ba.

Na gwada ta a hanyar Zariya da kaya a baya. Gurnani ya ɗauke, hob bai yi zafi ba, birki na kamawa daidai. Mai 504 ko 404 da ba ya sauri, ya kai masa.