Hattara da man kaushi da faso da ake cewa na zallar ganyaye ne

Ina kira ga duk mai fama da kaushi ko faso ko bushewar fata mai ƙaiƙayi, musamman iyayen da ke shafa wa jarirai mai, da su yi hattara da wani kasuwanci da ya bazu a shafukan sada zumunta, inda ake sayar da man shafawa a cikin ƙananan robobi marasa cikakken bayani, ana cewa haɗin gida ne na zallar ganyaye da saiwoyi, alhali a cikin wasunsu an cusa maganin asibiti mai ƙarfi na rukunin sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone da dexamethasone, ba tare da an sanar da mai saye ba. Sana'ar haɗa man shafawa a gida sana'a ce mai kyau, kuma akwai masu yin ta bisa gaskiya da amana, don haka gargaɗina yana kan waɗanda suka fake da ita suna cutar jama'a ne.

Man ganye na gaskiya ba shi da wani sirri. Ana jiƙa busasshen ganye ko fure a cikin mai irin su man zaitun ko man kwakwa na tsawon makonni, ko a ɗumama shi a wuta kaɗan-kaɗan, sai a tace, a narka kakin zuma a ciki, kimanin awo 1 na kaki ga awo 4 ko 5 na mai, a zuba a kwalba mai tsabta a bar shi ya daskare. Idan aka lakato shi da yatsa za a ji yana da ɗan tauri, sai ya narke da ɗumin jiki, launinsa ya karkata zuwa ruwan ɗorawa ko kore-kore, kuma ƙanshin kakin yana fita. Aikinsa shi ne ya rufe fata ya hana damshinta tserewa, ta yi laushi har tsagar ta haɗe da kanta, wannan kuwa yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni idan fason ya yi zurfi. Ba shi da ƙarfin da zai kashe ƙaiƙayin da aka shekara ana fama da shi a dare ɗaya.

A nan ne mayaudarin yake samun ƙofa. Ya san mutane sun gaji, suna neman abin da zai nuna aiki nan take, sai ya sayo man sitiroyid ya matse a cikin haɗinsa ya gauraya. Wanda ya shafa yau, gobe ya wayi gari ƙaiƙayi ya tsaya, jan da fatar ta yi ya ragu, sai ya aika wa mai sayarwa saƙon godiya, shi kuwa ya ɗauki hoton saƙon ya wallafa a matsayin shaida. Abin takaici shi ne shaidar gaskiya ce, domin man ya yi aiki, sai dai abin da ya yi aikin ba ganyen ba ne. Idan aka tambayi abin da ke ciki, amsar ba ta wuce cewa sirrin gado ne da ba a faɗa, robar kuma babu jerin kayan haɗi a jikinta, babu ranar da aka yi shi, babu adireshin wanda ya yi, sai lambar waya kawai da jerin cututtuka goma sha da ake cewa yana warkarwa. Wani lokaci man yakan kasance fari fat mai laushi kamar na cikin tub ɗin maganin asibiti, har ruwa yana tsatsafowa a samansa, sai dai kada a dogara da duban ido, domin akwai sitiroyid mai maiƙo da yake ɓacewa a cikin haɗin ba a gani, ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke iya tabbatar da shi.

Wannan ba zargi ba ne kawai. A shekarar 1999 likitoci a Landan sun gwada mayukan ganye 11 da majinyata suke shafawa, suka sami dexamethasone a cikin 8. A shekarar 2003 kuma wasu likitoci a Birmingham ta Ingila suka gwada mayuka 24 da iyaye suke shafa wa yara masu ciwon fata, 20 daga ciki suna ɗauke da sitiroyid, mafi yawansu mai ƙarfi, alhali iyayen sun koma ga waɗannan mayukan ne da yaƙinin cewa ganye suke shafa wa ƴaƴansu.

Sitiroyid magani ne mai amfani idan likita ya rubuta shi, domin yakan zaɓi ƙarfinsa, ya faɗi wurin da za a shafa da lokacin da za a daina. Clobetasol yana cikin mafi ƙarfi, shi ya sa ba a so babban mutum ya wuce giram 50 a mako, kuma ba a cika wuce makonni 2 zuwa 4 ana shafa shi a jere ba. Wanda bai san yana shafa shi ba kuwa sai ya yi watanni yana lafta shi safe da yamma, a fuska da hammata da duk inda ya ga dama. A hankali fatar takan yi siriri har a riƙa hango ƙananan jijiyoyin jini, nankarwa ta fito wadda ba ta gogewa, launin wurin ya koɗe ya bambanta da sauran jiki, ƙuraje su feso. Idan asalin ciwon makero ne, maganin yakan danne alamominsa yayin da cutar take ci gaba da yaɗuwa, har likita ya sha wahalar gane ta. Ranar da man ya ƙare sai ƙaiƙayi da zafi su dawo fiye da da, mai sayarwa kuma ya ce cutar ce take fita, a ƙara sayen roba biyu, da haka mutum ya zama ba ya iya rabuwa da shi.

Abin ya fi tsanani ga jarirai, saboda fatarsu ba ta da kauri, kuma idan aka shafa a ƙarƙashin ƙunzugu maganin yakan ratsa ya shiga jini sosai, har ya kumbura fuska, ya rage girman yaro, ya kuma sa jiki ya rage samar da sinadarin kotisol da yake buƙata. Haka nan mai ciwon suga da ke da faso, domin sitiroyid yana jinkirta warkewar rauni yana kuma raunana kariyar fata, tsaga ƙarama a diddige tana iya zama gyambo.

Akwai kuma masu buɗe ajin koyar da haɗin a WhatsApp da Telegram, su karɓi kuɗin rajista daga mata da matasa masu neman abin dogaro da kai, sannan a tsakiyar darasi a ce a matse tub biyu na wani mai a cikin kwano, ko a sayi wani farin haɗi marar suna daga hannun malamar, wai shi ne ke sa aiki ya yi sauri. Ɗaliba ta ɗauka ilimi ta saya, ta je ta sayar wa ƴan'uwanta da maƙwabta, ranar da fatar wani ta lalace kuwa ita za a nema, malamar ta riga ta rufe lambarta. Duk wanda aka koya wa haɗin da ke da wani abu da ba a faɗi sunansa ba, ya sani an sa shi sayen biri a sama, kuma lafiyar mutane ce a hannunsa.

Wanda ya riga ya daɗe yana shafa irin wannan mai, ko yana shafa wa yaro, kada ya yanke shi rana ɗaya bisa ra'ayin kansa, domin jikin da ya saba da sitiroyid yana buƙatar a janye shi a hankali. Ya ɗauki robar da abin da ya rage a ciki ya kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana shafawa da wuraren da yake shafawa, sannan ya adana hotunan tallar da saƙonnin da suka yi da shaidar biyan kuɗi, ya miƙa su ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarsa, domin ita ke da ikon gwada man ta kuma hana sayar da shi. Idan kuwa fason yana fitar da jini ko mugunya, ko ƙafar ta kumbura tana zafi, a tafi asibiti a ranar ba tare da an ƙara shafa komai ba.